Ƙofar da Na Bari a Jikin Madatsa

Ni haifaffen Damagaram ne, kuma karatuna bai wuce aji uku na kwaleji ba. Na fara aiki da rubuta sunayen leburori a wurin gini, wanda ya zo da wanda bai zo ba, har wani ɗan kwangila da muke kira Alhaji ya ga hannuna da tsabta, ya ɗauko ni zuwa Diffa. Shekara uku muna gina azuzuwa da shaguna a cikin gari. A ta huɗu ya sami aikin madatsar ƙasa a bakin Komadugu, can ƙasa da Shetimari, ya ce ni ne shef ɗin shantiye, wato shugaban wurin aikin. Abin da na yi a wannan aiki shi nake so in rubuta. Har yau mutane suna cewa ruwan shekarar ne ya fi ƙarfin kowa, ni kuwa na san inda hannuna ya shiga.

Madatsar doguwar ganuwa ce ta jan ƙasa, tsayinta ya kai kafaɗar mutum. An so ta tsaya tsakanin kogi da fadamar wani ƙauye inda ake noman tattasai. Da rani ya kamata a fara, amma kuɗin masu aikin, wato waɗanda suka ba Alhaji kwangilar, bai fito ba sai da damina ta sauka. Muka fara a makare, kowa yana hura wa na ƙasa da shi wuta.

A biron Alhaji, wato ofishinsa, akwai wata babbar takarda da aka manna a bango, wadda injiniyan masu aikin yake kira pilanin. Kowane aiki da layinsa, kowane mako da akwatinsa. Ni ke cika akwatunan da koren biro duk ranar Alhamis kafin injiniya ya zo. Idan koren ya kai inda aka ja jan layi, fuskarsa a sake. Idan bai kai ba, sai ya cire tabarau ya yi ta goge shi yana kallona. Shi kuwa Alhaji bai damu da takardar ba. Abu biyu ne a bakinsa, gazuwal, wato man dizal, da hayar kamiyo, manyan motocin ɗibar ƙasa. Kamiyo uku muka ɗauka haya, da injin daɓe ƙasa guda, duk a kan kwana ake biyan su.

“Kai, ka san dai da rana ta fito waɗannan sun ci abincinsu,” haka yake ce mini kullum, “ko sun yi aiki ko sun kwana a inuwa.”

A takarda an rubuta mu ɗebo ƙasa daga wani tudu bayan ƙauyen, tafiya mai nisa. A makon farko na gano wani kwari a gefen kogi mai ƙasa ja mai danƙo. Injiniya ya murza ta a hannu, ya aika aka duba, ya ce ta yi. Sai dai gefen kogin laka ne, kamiyo mai kaya ba ta iya bin jikin madatsar ta nan. Dole ta ƙetara zuwa gefen gari ta bi tauri. Hanya ɗaya ce mai ƙarfi, tsohuwar hanyar amalanke da take gangarawa ruwa, kuma ta tsakiyar layin madatsar ta ratsa. Na ce to, mu gina hagu, mu gina dama, mu bar hanyar a buɗe kamar ƙofa, taki arba'in, mu toshe ta a makon ƙarshe. Sawun da kamiyo za ta yi uku a yini sai ta koma yin tara. Gazuwal ya ragu sosai. Alhaji ya yaba mini a gaban mutane, har ya ce wa wani baƙonsa yaron nan ya fi masu digiri. Wannan magana ta shiga kaina fiye da yadda ya kamata.

Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne me ya sa hanyar amalanke ta bi ta nan. Nan ne ƙasa ta fi gangarawa, nan ne kogi ya saba shigowa.

Bulaman ƙauyen, wato mai garinsu, dattijo ne siriri mai son zolaya. Yakan zo da hantsi ya zauna a gindin wata tsamiya yana kallon aiki. Wata rana ya nuna ƙofar da sandarsa.

“Malam shef, wannan bakin yaushe za ka rufe shi?”

“Makon ƙarshe, Baba. Da damina ta ɗauke, kogi ya fara ja da baya, kwana biyu ne mu gama.”

“Wa ya gaya maka yana ja da baya?”

“To idan sama ta daina zubowa, daga ina zai samu?”

Ya yi dariya har sai da ya yi tari. Ya juya ya faɗa wa waɗanda ke zaune da Barbarci, su ma suka fashe.

“Ɗan Damagaram! Kai ruwan da ka sani na jarka ne, wanda ɗan garuwa yake turo muku a sayar. Wannan kogin ba ruwanmu yake sha ba. Daga can cikin Najeriya yake tasowa, yana tafe yana hutawa, wata da watanni. Lokacin da samanmu ta bushe, lokacin yake isowa da ƙarfinsa.”

Leburorina suna ji, suna murmushi. Maimakon in zauna in tambaye shi watan da ranar, sai na ji kunya ta kama ni, na mayar da abin wasa. Na ce masa, “Baba, ku da kogi ne, mu da takarda.” Ya ce, “To, Allah ya ba takarda sa'a.” Na zauna a Diffa shekara uku, na sha jin an yi ambaliya a bakin kogi, amma ban taɓa tsayawa na lura da watan da ake yin ta ba. A kaina ambaliya ta damina ce, kamar yadda na sani a garinmu.

Zuwa tsakiyar Satumba hagu da dama sun tashi, an daɓe su sun yi kyau. Na auna tsawon abin da muka gina, na auna ƙofar, na ga ita kashi biyar ce cikin ɗari. Na rubuta a rapor, rahoton da nake bayarwa, cewa aiki ya kai kashi casa'in da biyar, na cika akwatuna da kore har na wuce jan layi. Injiniya ya zo ya tsaya a tsakiyar ƙofar, ya dubi kogi can ƙasa cikin kwarinsa.

“Shef, wannan fa?”

“Aikin kwana biyu ne, ranka ya daɗe.”

“Kada wata ya mutu tana buɗe.”

Ya sa hannu ya tafi. Shi ma baƙo ne a yankin, kuma shantiye biyar yake zagayawa.

A ranar ne na yi abin da ya fi zama laifina. Ba Alhaji ne ya kawo shawarar ba, ni na kai masa. Na ce tunda abin da ya rage kaɗan ne, me zai sa mu ci gaba da biyan hayar kamiyo uku da injin daɓe ƙasa? A sallami biyu, a mayar da injin, kamiyo ɗaya ta isa, leburori su daɓe da hannu. Ya dafa kafaɗata ya ce haka ake son ma'aikaci. Washegari motocin suka kama hanyar Maine wajen wani aiki.

A cikin makon nan mutanen ƙauye suka fara dashen tattasai. Akwai wani yanki na fadamar, can ƙasa daf da ƙofar, da suka daina nomawa shekaru saboda ruwa. Ganin madatsa ta tashi, masu wurin suka fara bayar da shi haya da arha. Cikin waɗanda suka karɓa akwai wani mutum ɗan gudun hijira daga ƙetaren iyaka. Ya yi shekaru a sansanin Sayam, ya gaji da jiran rabon abinci, ya fito neman na kansa. Dogo ne, baƙi, mai yawan fara'a. Ya same ni a bakin aiki da kwandon irin tattasai a kansa.

“Oga, tsakaninka da Allah, in dasa a nan ƙasa?”

“Dasa abinka. Aiki ya ƙare, saura kashi biyar.”

“Ni ban san kashi ba, oga. Shi ruwan ya iya lissafin kashi?”

Na yi dariya na ce kafin tattasansa ya kama ƙasa ƙofar ta rufu. Ya ce shi ke nan, maganar mai takarda ta fi ta mai kwando. Ya dasa. Da maƙwabtansa suka ga ya dasa bayan ya yi magana da ni, su ma suka bi.

Kwana biyu da fara toshe ƙofar, sai kamiyon da ta rage ta lalace. Direba ya ce sai an kawo ƙarfen gyaranta daga Damagaram. Na ce ba komai, mako ɗaya ne. Mako ya zama biyu. Leburori kuma suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, domin kowa yana da ɗan fili ko ɗan'uwa mai fili, kuma dashe ba ya jira. Pilanin ɗinmu bai san da lokacin dashe ba, babu akwatinsa. Sama ta ɗauke, gari ya yi fes. Ni kuwa hankalina kwance, ina ganin lokaci ya koma wajena.

Wata safiya ta Asabar na gangara kwarin da muke ɗebo ƙasa don in ga inda za mu ci gaba. Na tarar da ruwa ya shimfiɗe a cikinsa, ya kai idon sawu. Na ɗaga kai, babu gajimare ko ɗaya, kuma rabonmu da ruwan sama ya fi kwana goma. Ruwan ba ya gudu, ba ya ƙara, yana dai nan, da ƴan ciyayi suna juyawa a kansa a hankali. A nan tsaye na gane cewa ƙasar da zan toshe ƙofar da ita tana ƙarƙashin ruwan da nake so in tare.

Na sami wani kara na kafa a bakin ruwan, na yi masa alama da farce. Washegari alamar ta nutse. Na kafa wani gaba kaɗan. Shi ma ya nutse. Kowace safiya ruwan ya ci taki uku ko huɗu zuwa ƙofar, ba gaggawa, ba hutawa.

Kwana shida na yi ban gaya wa kowa ba. Wannan ne abin da ba ni da abin cewa a kansa. Kuskuren farko jahilci ne da girman kai, amma kwana shidan nan da sanina na yi su. Tsoro ne ya riƙe ni, kuma ba na Allah ba ne, na Alhaji ne. Ina tunanin yadda zan buɗe baki in ce a dawo da motocin da ni na ce a sallama, a koma tudun da ni na ce a bari. Kullum ina ce wa kaina gobe ƙarfen kamiyo zai zo, gobe ruwan zai tsaya. Abinci ya daina shiga. A salla nakan rasa raka'a ta nawa nake, sai in ga karan nan a gabana. Idan na bi ta fadama mutane suna gaishe ni suna sa albarka, sai in amsa ban dube su ba. Mutumin Sayam ya ɗago mini hannu daga cikin kunyoyinsa yana cewa, “Oga, zo ka ga yaranka sun fara fure!” Na ɗaga masa hannu na wuce da sauri kamar ana jirana. Ranar Alhamis injiniya bai zo ba, ya kira ta waya ya tambayi ƙofa. Na ce saura kaɗan.

Ranar Juma'a ruwan ya taɓa bakin ƙofar. Na kira Alhaji da hantsi na gaya masa. Nan take ya fara.

“Kai wane irin mutum ne? Abin da ka ce ka rage mini, yanzu ninkinsa nawa zan zuba? Motocin suna Maine a aikin wani! Daga tudu ka san gazuwal nawa ne?”

“Alhaji, laifina ne. Amma ruwan yana bakin ƙofa.”

“Kada ka kuskura ka kira injiniya. Ka bari in ga abin da zan iya zuwa Litinin.”

Na ce to. Na kashe waya na tsaya ina kallon ruwan. Litinin kwana uku ce. Na auna da idona inda zai kai a kwana uku, na ga ya wuce ƙofar ya shiga kunyoyin farko.

Bayan an sauko daga masallaci na bi Bulama har gindin tsamiya, mutane suna kewaye da shi. Na durƙusa na ce, “Baba, ba ni da mota, ba ni da ƙasa, ba ni da injin. Ƙofar nan ba zan iya rufe ta ba kafin ruwa.”

Bulama ya dube ni. Babu zolaya a fuskarsa.

“Ɗana, ruwan muna ganinsa tun ranar da ya shiga kwari. Mun yi shiru ne don mun ɗauka akwai wata dabara a takardarku da ba mu sani ba. Tun yaushe ka san babu?”

Na ce, “Yau kwana shida.”

Wani daga baya ya yi salati. Bulama ya dogara sandarsa ya tashi, ya fara kiran mutane da sunayensu yana ba kowa aiki. Daga nan na kira injiniya na faɗa masa duka. Ya ce, “Shef, ka kashe ni,” ya ce yana tafe.

Kwana uku ƙauyen nan bai yi wani aiki ba sai ƙofa. Aka fito da buhunan taki da na tattasai, duk wanda aka tanada don girbi. Mata suna ɗebo yashi a kwanoni, maza suna ɗurawa suna ɗaurewa, amalanken shanu suna jigila daga tudu. Ni ma na cire takalmi na shiga layi. Babu wanda ya zage ni, babu kuma wanda ya yi mini magana, sai dai a miƙo buhu in karɓa in miƙa gaba. Da la'asar dole mu bar bakin kogi saboda dokar tsaro, mu bar ruwan yana aikinsa har safe. Kowace safiya sai mu tarar ya hau layi ɗaya ko biyu na buhunan da muka jera jiya.

Ranar Litinin kamiyo biyu suka iso, injiniya ne ya matsa wa Alhaji. Suka fara juye ƙasa a bayan buhuna. Amma ƙasa ce sako-sako, babu injin da zai daɓe ta, kuma gindin ya riga ya jiƙe. Bulama ya zagaya ya duba, ya ce a raba mutane biyu, rabi su koma baya su ɗaga wata gajeriyar ganuwa a kan hanyar da ta raba fadamar ƙasa da ta sama. Injiniya ya so ya yi gardama, sai ya dubi gindin buhunan inda ruwa yake tsatsowa kamar gumi, ya bari aka yi.

Talata da azahar ta ɓalle. Na ɗauka zan ji ƙara mai ƙarfi, amma ba haka aka yi ba. Buhu uku na ƙasa suka zame, na sama suka zauna a kansu, sai ruwa ya leƙo ta tsakani ya fara malala. Wani ya yi ihu kowa ya hau madatsa. Muna tsaye a kan ganuwar da na gina, mai kyau, mai ƙarfi, hagu da dama, muna kallon kogi yana wucewa ta tsakiyarta. Kafin la'asar fadamar ƙasa ta zama tafki, kawunan tattasai kaɗai ake gani. Ganuwar Bulama ta riƙe, lambunan sama da gidaje suka tsira. Gonaki goma sha ɗaya ne suka tafi.

Na hango mutumin Sayam cikin ruwa har gwiwa yana jan injin ban ruwan da ya aro. Na shiga na kama masa tiyo muka fito da shi tudu. Bai dube ni ba. Ya ce, “Ajiye nan,” na ajiye.

A rapor ɗin ƙarshe an rubuta cewa kogi ya cika fiye da yadda ya saba. Gaskiya ne ya cika sosai a shekarar. Ba a rubuta ƙofa ba, ba a rubuta motocin da aka sallama ba. Aka miƙo mini na sa hannu. Alhaji bai kore ni ba, domin korata za ta jawo tambaya. Da rani aka toshe ƙofar cikin kwana huɗu.

Bayan wata biyu na ji mutumin ya koma Sayam. Na yi ta ɗaga tafiya wajensa har na rasa dalilin da zan ba kaina, sai na shiga motar kasuwa na je. Na yi ta tambaya layi layi har aka nuna mini wani ɗakin zana da tamfol. Yana zaune a waje yana gyaran takalmin wani. Ya gane ni, ya shimfiɗa mini buhu.

“Oga, yau kai ne a garinmu? An ba ka kwangilar kare mu daga ruwa ne? Nan kam ka huta, ko na sha sai mun bi layi.”

Na kasa dariya. Na gaya masa ba ya wurin ranar da na yi magana a gindin tsamiya, don haka na zo in faɗa masa da bakina. Na faɗa masa tun ranar Asabar na sani, kuma ranar da ya kira ni in ga furen ma na sani. Ya ajiye basillar.

“Ranar da na ɗago maka hannu?”

“Ranar.”

Ya yi lissafi da yatsu. “Da ka ce mini kalma ɗaya, da na tumɓuke ƙananan na kai tudu. Wani ya ce zai ba ni gefen lambunsa. Rabi zai kama, oga. Ko sulusi ne zai kama.”

Na ce na sani, na zo ne in roƙi ya yafe mini.

“Nawa mai sauƙi ne, ƙarfina ne ya tafi, kuma ƙarfi yana dawowa. Amma kuɗin haya da na taki ba nawa ba ne. Maiɗakina ce ta sayar da keken ɗinkinta, wanda ta ɗauko a ka ranar da muka gudo. Ita za ka tambaya. Tana ciki.”

Na tashi na tsaya a bakin zanar. Na yi sallama. Na sake yi. Sai a ta uku ta amsa daga ciki, muryarta ƙasa ƙasa, ba ta fito ba.

“Na ji duk abin da ka ce, malam. Ka je ka dawo wani lokaci. Yau ba zan iya ba.”

Na koma sau biyu tun daga ranar. A zuwan farko an ce ta je layin ruwa, na jira har motar komawa ta cika ba ta dawo ba. A na biyu ta aiko mini da ruwan sha a kofi, ta ce a gaishe ni.